Zauren da Aka Yi wa Kwalliyar Baƙi

Abu na farko da ƙasar Jamus ta koya mini shi ne ana iya karɓar kuɗin ɗakinka a ba ka adireshin shagon wanki. Na sauka daga jirgin ƙasa da hantsi, na ja akwatina har layin da aka rubuto mini, na sami lambar daidai, sai dai babu gidan kwana a wurin. Injinan wanke tufafi ne a jere suna juyawa, da wata tsohuwa tana ninke zanin gado. Na nuna mata adireshin, ta girgiza kai. Na kira Mista Frank, ɗan ƙasarmu da wata ƙawata ta haɗa ni da shi, wanda ya karɓi kuɗin tun ina Lafiya yana ta ce mini, "Sista, kar ki damu." Wayarsa a kashe take, kuma har na baro ƙasar ba ta sake shiga ba.

Bari in faɗi abin da ya kai ni, kada a ɗauka yawon buɗe ido na je. Sunana Hajara, ina koyar da zanen gine-gine a wata makarantar koyon sana'a a Lafiya. A ƙofar gidanmu akwai wani zaure na ƙasa wanda kakan Babanmu ya ɗauko magini daga arewa ya gina masa, don fataken gishiri da ke tasowa daga garin Awe su riƙa sauka. Daga ciki rufin ƙasa ne da aka ɗaure da azara, daga waje kuma an kifa masa jinka mai faɗin baki, saboda ruwan Lafiya ba ya wasa da bangon ƙasa. Duk rani matan gidan kan yi masa sabon yaɓe da hannu, har za ka ga sawun yatsunsu a jikin bango, na bana a kan na bara. A nan Baba yake wuni tun da na yi wayo.

To, zauren ya fara gajiya. Bangon gabas ya tsage, ciyawar jinka ta yi tsada, masu irin wannan gini kuma sun kusa ƙarewa a garin. Yayana Sabo, wanda ke tuƙa keke napep, ya daɗe yana cewa a rushe shi a yi shaguna, tun da yana kallon titi. Ban ga laifinsa ba sosai, yana da iyali. Muka yi yarjejeniya a gaban Baba: idan na samo tallafin gyara, zaure ya tsira, idan ban samo ba, kowa ya san sauran. Ana cikin haka wata cibiya a Jamus ta amsa mini. Tana tara masu binciken tsofaffin gine-gine na 'yan watanni, ta taimaka musu su buga rubutunsu a mujalla, sannan ta gabatar da su ga wata gidauniya mai ba da kuɗin gyara. Da haka na tafi, ɗauke da hotunan zauren da addu'ar Baba.

Daga shagon wankin na koma tashar jirgin ƙasa, don ita kaɗai na sani a garin. Na zauna a kan benci, sanyi yana shiga ta tafin ƙafata, na kira gida na ce na sauka lafiya, ɗaki ya yi kyau. Ina kashe wayar sai na ji an ce, "Kai, Hausa ne na ji?"

Wata mata ce gajera, kakkaura, cikin rigar sanyi har gwiwa. Na ce mata Hausa ce. Ta ce daga wane gari, na ce Lafiya.

"Lafiya na Nasarawa? Ni a Agyaragu aka haife ni. Mama na yana sayar da doya a kasuwa har yanzu." Ta dubi akwatina, ta dubi idona. "An ci kuɗin ka ko? Tashi, abeg. Sanyi nan zai kashe ka."

Sunanta Doshima, 'yar ƙabilar Tibi ce, tana aikin kula da tsofaffi a garin. Na ce, "Anti, ba ki san ni ba." Ta ce ita ma ranar da ta zo ba wanda ya san ta, kuma ba wanda ya ce mata ta tashi. Ɗakinta ɗaya ne da ɗan lungun girki. Ta ture tebur, ta shimfiɗa mini katifa a ƙasa, ta tuƙa mana sakwarar gari tana ba ni haƙuri cewa wannan ba doya ba ce, hoton doya ne. Na ci ina kuka, ta yi kamar ba ta gani ba. A wannan katifar na yi dukan zamana a ƙasar.

Cibiyar tana cikin wani tsohon gini mai tsabta har ya yi yawa. An ba ni tebur, da katin buɗe ƙofa, da wata farfesa mai kula da ni, dattijuwa doguwa mai farin gashi wadda ta yi shekaru tana yawon gine-ginen ƙasa a Afirka. Ranar da ta ga hotunan zauren ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙara girman hoton bango har sawun yatsu suka fito, ta ce wannan shi ne abin da gidauniyar take nema: gini mai rai, wanda hannun masu shi bai bar jikinsa ba. Na ji daɗi har na manta da Mista Frank na wuni guda.

Daga nan aka shiga karatun da ba a yi mini a makaranta ba. Gidauniya ba ta kallon takardarka sai wata mujalla mai suna ta buga bincikenka. Mujallar kuma ta fi son wanda wata gidauniya ta riga ta amince da shi. Wato ba a ba ka sai kana da shi, ba ka kuma samu sai an ba ka. Na rubuta tarihin zauren kamar yadda na sani, na tura. Masu tantancewa, waɗanda ba a faɗa maka sunansu, suka dawo da shi da tambaya guda a kusan kowane shafi: ina madogara? Wa ya rubuta cewa fataken gishiri sun sauka a nan? Na ce Babana ne ya faɗa mini, shi kuma kakansa ya faɗa masa. Aka ce wannan ba ya isa sai an jingina shi da wani littafi. Na shiga ɗakin karatunsu, wanda ya fi sakatariyar jiharmu girma, na yi ta tono. Na sami wani Bature da ya bi ta yankinmu a zamanin da, ya rubuta layi biyu a kan sauro da zazzaɓi. Shi ne ya zama shaidar Babana.

Farfesa ta ce akwai hanya. Idan sunanta ya zo gaba da nawa a kan rubutun, ƙofa za ta buɗe da sauri. Ta faɗa a hankali, tana zuba mini shayi, kuma na yi imani har zuciyarta taimako take nufi. Ba ta taɓa taka Lafiya ba, ba ta san warin zauren idan an yi ruwan farko ba. Na yarda. Mai nema ba ya fushi, kuma ni ba suna na je nema ba, bangon gabas na je nema wa magani.

Lokacin sanyi ya kama sosai. Rana kan fito kamar an tilasta mata, kafin ka idar da la'asar magariba ta shigo. Abin da ya fi damuna shi ne shiru. Ni da na saba zagin masu keke napep saboda hon, sai ga ni ina kiran Yaya Sabo don kawai in ji hayaniyar titi ta bayansa. A cikin motar haya mutane kan zauna kusa da kai su ɗaure fuska kamar an yi musu rasuwa. Wata rana wani mutum ya tashi daga kusa da ni ya koma tsaye, ga kujera babu kowa. Na kwana da abin a raina. Wata ranar kuma mai shagon burodi na kusa da mu, wanda ba ma jin yaren juna, ya ga hannuna ya tsattsage, ya miƙo mini safar hannun matarsa ya ƙi karɓar ko sisi. Haka ƙasar take, a mare ka da safe a shafa ka da yamma.

Bayan sabuwar shekara labari mai daɗi ya zo. Mujalla ta ce za ta sake dubawa, gidauniya kuma ta sa ni cikin 'yan kaɗan da za su tsaya gaban kwamitinta. Idan na tsallake, za su turo mutanensu Lafiya su ga ginin da idonsu kafin a saki kuɗi. Na kira Baba na gaya masa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata, Turawa kike nufi? Su zo nan, zauren nan?"

"Nan, Baba. Su zauna inda kake zama."

Ya ce, "To. Allah ya kawo su lafiya. Ba za ki ji kunya ba."

Na ɗauki maganar a matsayin addu'a. Baba mutum ne da duk rayuwarsa yake cewa siminti ba ya numfashi, ɗakin bulo kuma tanda ce. Ko a mafarki ban kawo komai a raina ba. Na manta garin da na fito. A Lafiya, idan babban mutum zai zo, ko bishiyar bakin titi sai an shafa mata farin fenti a gindi.

Makonnin da suka biyo baya, duk lokacin da na ce Yaya Sabo ya turo mini sabon hoton tsagar bango, sai ya ce kyamarar wayarsa ta lalace, ko ba netwok, ko yana kan hanya. Zuciyata ta fara raya mini cewa ya rushe zauren ya fara shagunansa. Na kira shi na yi masa rashin kunyar da ban taɓa yi ba. Ya yi dariya ya ce, "Hajara, wallahi zaure na nan tsaye. Ya ma fi da." Na ce to ranar kwamiti zan kira shi ta bidiyo, ya zagaya da wayar su gani, ya nemi aron waya idan tasa ba ta da lafiya. Ya ce an gama.

Ranar ta zo. Anti Doshima ta goge mini kaya, ta yi mini addu'a irin tasu, na ce amin irin tamu. Mutanen kwamiti suna zaune a dogon tebur, Farfesa a gefe. Na yi bayani, na nuna hotuna: jinka, azara, sawun yatsu. Na ga suna gyaɗa kai, wani har ya cire tabarau ya matso. Shugabansu ya ce ko za a iya ganin ginin yadda yake a yau. Na ce an shirya. Na kira Yaya Sabo, aka haɗa wayata da babban allon bango.

Da farko na ɗauka ya tsaya a ƙofar wani asibiti ne. Gini kore shar, santsi kamar kwano, rufin kwano sabo yana ƙyalli a rana, bakinsa ɗan guntu. An sa ƙofar ƙarfe. Sai da na ga bishiyar mangwaron da ke gefe na gane inda nake kallo. Yaya Sabo ya shiga ciki. An shafe rufin da bangon duka da siminti, an yi fenti, an jera fararen kujerun roba. A tsakiya Baba yana zaune cikin babbar rigarsa ta Sallah, ya sa hula, ya gyara gemu. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Sannunku. Sannunku da ƙoƙari. Ga masaukinku, mun ɗan gyara."

Shugaban ya tambaye ni ko wannan shi ne ginin da ke cikin hotuna. Na ce shi ne. Ya tambaya yaushe aka yi wannan aiki, kuma ko ana iya cirewa. Na tambayi Yaya Sabo da Hausa yadda birkila ya yi. Ya amsa da alfahari cewa aiki ne mai kyau, sai da aka sassare tsohon bangon duka, aka buga ƙusoshi da waya don filasta ta kama. Wato sawun yatsun kakanninmu mata suna cikin baro, an zubar a bayan gida.

"Uwata," in ji Baba, yana matso da fuskarsa jikin wayar, "me suka ce?"

Na dubi mutanen tebur, na dubi Babana. Na ce, "Sun ce sun gode, Baba. Sun ce ya yi kyau."

Ya yi murmushi irin wanda na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Ya ce in gaya musu akwai rago an ɗaure. Na juya na ce wa kwamiti mahaifina yana gaishe su. Shugaban ya yi magana mai laushi da tsawo, ma'anarta dai ɗaya: gidauniyarsu tana tallafa wa abin da ya rage na asali, nan kuwa babu abin da ya rage da za a nuna. Farfesa ta riƙe hannuna a bakin ƙofa, idonta ya ciko. Ta ce, "Me ya sa suka yi haka? Ba su san darajarsa ba?" Turancina ya ƙare a nan. Ban san yadda zan gaya mata cewa saboda darajarta aka yi ba.

Anti Doshima ce kaɗai ba ta yi mamaki ba. Na ba ta labari ina zage-zage, ina cewa garin neman gira an rasa ido. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kar ka zagi Baba ka. Ni in zan je gida, mama na yana aron faranti a maƙwabta, wai na saba da na Turai. Ni da na ci tuwo a murfin tukunya." Ta tura mini abinci. "Shi bai ga gini ba. Ya ga 'ya shi za ta kawo baƙo."

Na tattara na dawo kafin damina. Mujalla ta ce a dakata da rubutun tukuna, tun da abin da aka bayyana ya sauya. Anti ta raka ni tasha, ta ba ni saƙon man zafi in kai wa mahaifiyarta a Agyaragu, ta ce in na ga Mista Frank a lahira in bar mata shi.

Na iske Baba a ƙarƙashin mangwaro a kan tabarma. Zauren a kulle yake. Ya ce ba ya so yara su ɓata fentin kafin baƙi su zo, kuma ma kwanon yana da ɗan zafi da rana. Ya ba ni makulli da kansa, ya biyo ni yana kallon fuskata. Na shiga. Wani wari na danshi ya tare ni. Na ƙwanƙwasa bango da yatsa, ya amsa kamar ganga. Wannan kam na sani tun ina ɗaliba: ƙasa tana shan ruwa ta fitar, idan ka rufe ta da siminti sai ruwan ya shiga ya rasa mafita. Jinkar da ke kore ruwa nesa da gindin bango kuma an cire ta.

Na ja Yaya Sabo gefe na ce a fasa simintin nan tun kafin ruwa ya sauka, a mayar da jinka, ko Allah zai sa a tsira da ƙashin ginin. Ya dube ni kamar na zare.

"Kin san da me aka yi aikin nan? Doyar irinsa Baba ya sayar, duka. Bana ba zai yi noma ba. Ni na ce masa a bari, ya ce ba za a ce 'yarsa ta fito daga kango ba. In kin isa, je ki gaya masa a fasa."

Na je. Na zauna a bakin tabarmarsa, na buɗe baki, sai ya riga ni. Ya ce ragon yana ta ƙiba, yaushe ne zuwan nasu? Na ce sun ɗaga tafiyar, sai bayan damina. Ya ce hakan ma ya yi, hanya za ta fi kyau. Na tashi ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Na sake gwadawa ba sau ɗaya ba, kullum a nan nake tsayawa. Abin da na iya yi shi ne na riƙa buɗe ƙofar a ɓoye don iska ta shiga, na kuma haƙa 'yar hanyar ruwa a gindin bango, kamar mai yi wa gawa fifita.

A tsakiyar damina, bayan an kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, bangon gabas ya zauna da azahar. Ba ƙara sosai, wani irin nishi ne, sai rufin ya biyo shi. Ba kowa a ciki, tun da a kulle yake saboda baƙi. Simintin ya ɓare falle-falle, kore a waje, ƙasar da ke bayansa ta zama kunu. Baba ya tsaya cikin yayyafi yana kallo. Ya ce, "Ashe mun makara da gyaran. Da tun tuni aka sa masa siminti." Maƙwabta suka ce haka ne, ginin ƙasa ba shi da tabbas. Ragon kuwa aka sayar aka biya masu kwashe ƙasa.

Da na sanar da Farfesa, amsarta ta zo da sauri fiye da kowane lokaci. Ta yi ta'aziyya, sannan ta ce yanzu mujallar tana son rubutun sosai, don suna shirya fitowa ta musamman a kan gine-ginen da aka rasa. Akwai ma wani ɗan tallafi na rubuta tarihin irinsu, kuma tana ganin zan samu ba wahala. Zaure yana tsaye ban cancanta ba, da ya faɗi na zama gwana. Aka buga, sunanta a gaba, nawa a baya, aka aiko mini da kwafi ɗaya.

Yanzu shaguna uku ne a wurin: mai cajin waya, mai sayar da man gyaɗa, da wani da har yau ba a kama ba. Baba yana nan a ƙarƙashin mangwaro, a kan ɗaya daga cikin fararen kujerun. Ya daina tambayar baƙi. Ranar da mujallar ta iso na kai masa, na buɗe shafin da hoton yake, babba, ya cika shafi: zauren da jinkarsa, da tsagar bangon gabas, da sawun yatsu, rana tana faɗuwa a kansu. Na ce, "Baba, ga shi ya shiga littafi. Duniya za ta gani."

Ya karɓa da hannu biyu, ya nisanta shi da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya shafa hoton da babban yatsa, daidai wurin da yake jingina bayansa. Na ɗauka zai ambaci mahaifiyarsa, don hannunta yana cikin waɗannan sawun. Sai ya ɗago ya dube ni, ba da faɗa ba, da irin tausayin da ake yi wa yaron da ya yi ƙoƙari ya kuskure.

"Uwata, duk wahalar da kika sha, wannan kika ba su? Ba ki da na bayan gyara?"

Ina da shi. Yana cikin wayata, kore shar, shi a tsakiya da rigar Sallah. Na ce masa ban ɗauka ba. Ya ce ba komai, ya rufe mujallar a hankali, ya miƙo mini, ya ce in adana kada yara su ɓata.